Kwana 18 a Mota Ɗaya: Daga Shikago Zuwa Bakin Teku, Mu Dawo



Shugaban taro, shugabannin ƙungiya na jiya da na yau, iyayenmu da suka daɗe a ƙasar nan, ƙannena ɗalibai maza da mata, barkanku da war haka. Ku a can yanzu kuka idar da azahar, mu nan gida har an kira isha'i. In kun ji kukan janareto a bayan muryata ku yi haƙuri, na maƙwabta ne.

Ni dai ban taɓa zama ɗaliba a Amurka ba. Matar ɗalibi ce, kuma da wannan matsayin zan yi magana. Waɗanda suka zo da iyali sun san bizar da ake kira F-2, ta matar ɗalibi ko mijin ɗaliba. Mai ita doka ba ta yarda ya yi aikin albashi ba, ko na awa ɗaya ne, karatun jami'a na cikakken lokaci kuma sai ya canza biza. Ni harhaɗa magunguna na karanta, na yi aiki shekara uku kafin aure ya kai ni Shikago. Shekara biyar na yi a ciki da falo a hawa na uku ina kallon ƙanƙara ta taga. Malam kuwa, haka nake kiransa, ba za ku ji sunansa a bakina ba ko ya zama farfesa, bayan asuba yake fita, sai bayan isha'i in gan shi. Abin da na fito da shi daga shekarun nan biyu ne: ɗiya ɗaya da lasin tuƙi.

Da ya gama digirinsa na uku a fannin noman rani sai agogo ya fara bugawa. Mai bizar F-1 in ya kammala yana da kwana 60. A cikinsu ko dai ya nemi izinin aikin shekara guda da ake kira OPT, ko ya samu wani karatun, ko ya tattara komatsansa. Dokokin nan suna canzawa, don haka ku riƙa leƙa ofishin ɗaliban waje na makarantunku, kada ku dogara da abin da na faɗa kawai. Malam yana da tayin aiki a ɗakin binciken malaminsa. Yana kuma da takardar alkawari da ya sa wa hannu da jami'ar da ta turo shi daga gida. Duk ranar da na tayar da maganar, ko waya ta yi ƙara, ko yarinya ta farka, ko baƙi su yi sallama. Rannan sai na ce masa, "Malam, shekara biyar ban san komai a ƙasar nan ba sai hanyar kanti da ta asibiti. Kafin a yanke ko mene ne, ka kai ni in ga ƙarshenta."

Hajiya mahaifiyarsa ta zo bikin yaye su, ita ta riƙe mana yarinya. Da muka faɗa mata sai ta dube mu ta ce, "Biki ake yi a can?" Muka ce a'a. "Rasuwa aka yi?" A'a. "To wa za ku gani?" Muka ce ƙasa za mu gani. Ta ce, "Allah Ya shirya." Kuma ba ta yi laifi ba. Mu Hausawa mutanen tafiya ne, kakanninmu sun kai Gwanja da ƙafa don goro, sun kai Makka ta Sudan a shekaru, zangunan da suka yada har yau suna nan da sunansu. Amma tafiyarmu kullum da dalili: fatauci, karatu, aikin hajji, zumunci. A ce mata da miji sun ƙona mai don kallon duwatsu, wannan a kunnen tsohuwa almubazzaranci ne.

Guzuri ni na haɗa. Na sayo nama a shagunan halal na titin Devon na yi dambun nama cike da bokitin roba, na soya cincin, na zuba yaji a kwalba, ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ga ƙaramar tukunyar shinkafa ta lantarki. Ku riƙe wannan tukunyar, don akwai inda za ka yi mil ɗari uku ba ka ga abincin da zuciyarka ta kwanta da shi ba. Malam ya kai motar wurin bakanike aka duba birki da lagireto da tayoyi har da safaya. Lissafin mai kuma mai sauƙi ne: zagayen duka ya kusa mil 5,000, wato wajen kilomita 8,000, kamar ka yi Kano zuwa Legas sau takwas. Motarmu tana cin mil 30 a galan ɗaya, ke nan galan 170 ko kusa da haka. Takardu kuwa, fasfo da I-20 da I-94, suna jakata ta hannu. Dokar ƙasar ta ce baƙon da ya kai shekara 18 ya riƙa tafiya da shaidar zamansa, kuma a hanyoyin kudu da ke kusa da iyakar Meksiko akwai shingayen jami'an kan iyaka ko da ba ka da niyyar ƙetarewa.

Bari in ɗan faɗi yadda hanyoyin suke, don wanda ya gane tsarinsu da wuya ya ɓata. A 1919 rundunar sojan Amurka ta tura ayarin motoci daga Washinton zuwa San Faransisko, suka yi kwana 62 suna fama da taɓo da gadoji masu karyewa. A cikinsu akwai wani matashin hafsa, Eisenhower. Da ya zama shugaban ƙasa, shi ya sa hannu a dokar 1956 da ta haifar da waɗannan manyan hanyoyi. Masu lamba cika, irin 40 da 80, gabas da yamma suke bi. Masu lamba mara, irin 55 da 15, kudu da arewa. Akwai ƙananan alluna a kowane mil, kuma in ka nufi yamma lambar raguwa take yi har ta kai sifili a iyakar jiha. Allon da kansa yake gaya maka saura nawa.

Mun fita ta hanya ta 55 zuwa Sen Luwis, muka ƙetare kogin Misisipi, muka ga ƙaton bakan ƙarfen nan mai tsawon ƙafa 630. Daga nan hanya ta 44 ta ratsa Misuri ta shiga Oklahoma, inda ake biyan kuɗin hanya. Duk wannan sawun tsohuwar hanya ce mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Shikago zuwa Kalifoniya, aka soke ta a hukumance a 1985. Turawa suna ji da ita ƙwarai, ko'ina ana sayar da riguna da kofuna masu lambarta. Ita ce hanyar da manoman Oklahoma suka bi a shekarun 1930 lokacin da fari da guguwar ƙura suka cinye gonakinsu, suka ɗaure katifu a kan motoci suka nufi yamma neman abin sawa a baki. Malam ya ce duk wanda iyayensa suka ba shi labarin farin 1973 ya san wannan hoton.

A Tulsa jikina ya yi sanyi. Akwai unguwa a garin mai suna Greenwood. Shekara ɗari da suka wuce unguwar baƙaƙen fata ce masu arziki, da shagunansu da otal-otal da likitoci da jaridu. Daga daren 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni 1921 gungun fararen fata suka afka mata, suka kashe mutane, suka ƙone kusan layi 35 ƙurmus. Yau in kana tafiya a gefen titin za ka ga ƙananan faranti a ƙasa, kowanne da sunan shagon da ya taɓa tsayawa a wurin. A nan na fara jin labarin wani littafi da ake kira Green Book. Wani ma'aikacin gidan waya a Harlem, Victor Green, shi ya fara buga shi a 1936, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 1960. Ba komai a ciki sai jerin masaukai da gidajen abinci da gidajen mai da za su karɓi baƙar fata. A lokacin akwai garuruwan da baƙin mutum bai isa rana ta faɗi yana cikinsu ba. Ku duba fa, wannan hanyar da ake wa kirari da hanyar 'yanci, wasu da littafin neman mafaka suke bin ta. Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ce ta haramta korar mutum daga otal saboda launinsa. Ni baƙa ce, ga hijabi, kuma na shiga kowane masauki da katina aka miƙo mini makulli. Wasu ne suka sha duka kafin hakan ta yiwu, kuma ina ganin ɗalibin Afirka da zai zauna a ƙasar nan bai san wannan ba, karatunsa da saura.

Ban ce komai ya wuce ba. An kalle ni a gidajen mai, irin kallon da kan sa ka ƙara duba ko ka kulle ƙofa. An kuma yi mana kirki inda ba mu zata ba: wata tsohuwa a wani ƙauye ta bi ni har mota don ta tambayi inda na sayi atamfata. Dokar da muka kafa wa kanmu ita ce, kafin la'asar mun san inda za mu kwana, kuma ba ma tuƙin dare.

Wata yamma a filayen nan ɗan sanda ya kunna mana fitila. Malam na tuƙi. Yana tsayawa sai ya kai hannu zai buɗe ƙofa, irin na gida, a fita a gaisa a ce ranka ya daɗe. Na damƙe rigarsa. Ƙannena maza, ku ji wannan da kyau. A nan ba a fita. Ka tsaya a gefe, ka sauke gilashi, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari inda zai gan su. In takarda tana aljihun mota, ka faɗa masa kafin ka miƙa hannu. Ashe fitilarmu ta baya ce ɗaya ta mutu. Ya duba lasin, ya ce a gyara, ya tafi. Malam ya yi mil ashirin bai ce uffan ba.

Teksas ta wannan gefen gajeriya ce, mil 177 kawai, shimfiɗaɗɗiya kamar faranti, sai fankokin iska masu ba da lantarki har iyakar ganinka. Bayan Amarillo hanci ne ya fara ba mu labari kafin ido. Garken kiwon turke ne, shanu dubbai a cikin shinge, ba ciyawa ba makiyayi, mota ce ke zuba musu abinci. Na tuna kasuwar shanu ta Wudil, na ce da Bafulatani zai ga wannan da ya yi kuka.

Niyu Meksiko ce ta kama ni. Muna shiga Santa Fe sai na ce, "Malam, tsaya. Wannan ai cikin Birni ne." Gidajen ƙasa ja masu soro, katangu masu kauri da kusurwa a murɗe, kan itatuwan rufi sun leƙo waje kamar azara, ga indararo yana jiran ruwa, ga jan barkono an shirya shi a igiya an rataye a ƙofar gida. Garin tun 1610 yake, ya girmi duk manyan biranen jihohin Amurka. Irin ginin suna kiransa adobe, kalmar da Sifaniyawa suka aro daga Larabci, aɗ-ɗub, ni kuwa kunnena tubali ya ji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a can ginin ƙasa na masu hali ne, hukuma tana kare shi, baƙi suna biyan kuɗi su kwana a ciki. Mu kuma muna rushe namu mu dasa bulo da kwano, sannan mu kwana muna fifita. Arewa da garin, a wani wuri da ake kira Abiquiu, akwai masallacin ƙasa mai ƙubbobi wanda Hasan Fathi, shahararren mai zanen gine-gine na Masar, ya tsara a farkon shekarun 1980. Da tsakar rana muka shiga, ba fanka ba na'ura, amma ciki sanyi kamar randa. Ina zaune a wurin sai na ji ƙamshin ɗakin kakata bayan an yi yayyafi. Ban ce wa Malam komai ba, amma a ranar na san amsata.

Tunda na ambaci masallaci, ga abin da matafiyi zai ci karo da shi. Mu a Hausa in an ce fuskanci gabas, alƙibla ake nufi. A Amurka ba haka ba ne. A Shikago arewa maso gabas take, wajen digiri 49 daga arewa, kuma kana yin yamma tana ƙara karkata, har a San Faransisko ta koma kusan digiri 19, saura kaɗan ka fuskanci arewa sak. Lokaci ma haka. Mun ratsa shiyyoyin agogo uku, sannan Arizona ba ta canza agogo da bazara, amma yankin ƙabilar Nabaho da ke cikinta yana canzawa, sai wayarka ta riƙa tsalle da awa guda gaba da baya. Rana muka koma dubawa. Kasaru kuwa muka yi ta yi daga fita har dawowa, don babu inda muka yi niyyar kwana huɗu.

Babban kwazazzabon nan na Arizona ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, hoto ba ya ɗaukarsa, baki ma haka. Tsawonsa mil 277, zurfinsa kusan mil guda, kogin Kolorado yana can ƙasa kamar zare. Malam mai bayanin komai, ranar sai tasbihi.

Daga nan sai gangara zuwa hamadar Mojave. A Needles, bakin shiga Kalifoniya, ma'aunin mota ya nuna 112, wato digiri 44 a namu lissafin. Na ce wannan ai Maiduguri ce a watan Afrilu. Akwai shingen jami'an gona a wurin, suna tambaya ko kana ɗauke da 'ya'yan itace ko tsiro, saboda kare gonakinsu daga ƙwari. Kwana na takwas muka isa Santa Monika, inda gadar katako ta shiga cikin teku, aka kafa allo cewa hanya ta ƙare. Na tsoma ƙafa a ruwan, sanyi kamar ƙanƙara, muka tsaya har rana ta nutse a ciki. Los Anjalis kuma, ban taɓa ganin dukiya da talauci sun yi maƙwabtaka haka ba: gidajen da sai a fim, kwana kaɗan ka ga mutane a tantuna ƙarƙashin gada. Muka haura San Faransisko, muka taka gadar nan ja ta 1937 cikin hazo, a watan Yuni ina rawar ɗari.

Tafiya daban, dawowa daban. A tafiya kowane dutse sabo ne, akwai abin nunawa da yatsa. A dawowa kuɗi sun ja baya, dambun nama ya kai gindin bokiti, bayanka yana ciwo, kuma kwana 60 ɗin nan sun ragu da goma sha uku. Muka kama hanya ta 80. Ta hau duwatsun Siyera Nebada sama da ƙafa 7,000, ta wurin da ƙanƙara ta rutsa da wani ayarin masu ƙaura a 1846, kusan rabinsu suka mutu. Ana sauka sai Nebada, mil 410 na fili da ƙananan duwatsu da sararin sama. Rediyo sai shuu. Ba baƙo, ba yarinya, ba malamin da zai kira. Ni ke tuƙi. Na ce, "Malam, yau sai mun yi maganar nan."

Ya ce, "Uwargida, ina jin ki."

Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa da baki ba. Shekara biyar ban riƙe kuɗin gumina ba, ko man shafawa sai na tambaya. Abokan karatuna sun buɗe shagunan magani, ni ina manta sunayen magunguna. In ya karɓi OPT, ni ina nan a F-2. In bayan nan aka samu bizar aiki, matar mai ita ma sau da yawa jira take ci gaba da yi. Na ce, "Ka ce mini shekara huɗu, ta zama biyar. Yanzu ka ce ɗaya. Wa ya taɓa yin ɗaya?" Na kuma tuna masa mutum biyu da suka tsaya masa a takardar alkawarin nan, waɗanda su za a nema in bai koma ba.

Shi ma ya faɗi nasa, kuma ba maganar banza ba ce. Ya ce albashin da zai koma wa bai kai kuɗin hayarmu na Shikago ba. Ƙannensa uku karatunsu a wuyansa yake, maganin Hajiya ma haka, kuma dala ce take ɗaukar wannan kaya. Na'urorin da ya yi shekara biyar yana koyo, a gida babu su. Ya ce, "Kina so in zama wanda ya san abu a da?" Sannan ga yarinya, da makaranta, da asibiti, da hanyar da ba ka tsoron bi da dare.

Daga Winnemucca har iyakar Yuta ba wanda ya ƙara magana. To amma ina za ki? A gida mace ta yi fushi ta ɗauki mayafi ta tafi gidansu. A mota babu yaji sai na kwalba. Dole in ya ji ƙishi ni zan miƙa masa ruwa, in na gaji shi zai karɓi tuƙi. A haka muka shigo filin gishirin Bonneville, fari fat har ƙarshen gani, hanya miƙe kamar an ja ta da igiya. Muka tsaya, na ɗanɗana, gishiri ne sosai. Na tuna kantun Bilma da ayarin raƙuman Azbinawa ke saukewa, wanda kakana yake saya wa dabbobinsa. Malam ya ce nasu kakan ma haka. Maganar farko ke nan da ta haɗa mu tun safe.

Wayomin iska ce kawai, irin mai girgiza tirela. Can tsakanin Laramie da Cheyenne hanyar ta kai ƙololuwarta, ƙafa 8,640, daga nan sai gangara zuwa Nebraska. Mil 455 na masara. Kowa ya ce mana nan ne barci ke kama direba, amma ga Malam nan ne kallo ya fara. Gonakin da'ira-da'ira suke, saboda wani dogon bututu mai tayoyi da ke kafe a tsakiya yana zagayawa yana yayyafi. Wani manomi, Frank Zybach, shi ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1952. Ruwan daga wani tafkin ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, Ogallala, wanda ya ratsa jihohi takwas, kuma a Kansas da Teksas ya ja baya sosai saboda yawan zuƙa. Malam ya sa na tsaya a gefen wata gona, ya fita ya daɗe yana kallo. Don in tsokane shi na ce, "Sai a kai wa mutanen Kadawa irinsa." Ya ce ina, wannan na mai eka ɗari ne da ɗoriya, manominmu mai eka ɗaya me zai yi da shi? Abin da ya dace da mu ƙaramin famfo ne mai aiki da hasken rana, da rijiyar burtsatse marar zurfi a fadama, da sanin ranar da shuka ke bukatar ruwa da ranar da ba ta bukata, don rabin ruwan da ake zubawa asara ne. Ya yi awa biyu yana zuba, har da zane a bayan rasit ɗin mai. Ni dai ina tuƙi ina ƙirgawa. Sau huɗu ya ce "in mun koma". Ban nuna na ji ba.

Mun kwana a Omaha, garin da aka haifi Malcolm X a 1925, mutumin da ya ziyarci Nijeriya da Gana a 1964. Washegari a Ayowa muka ratse arewa zuwa Cedar Rapids don ganin wani ƙaramin masallaci fari na katako mai koriyar ƙubba. 'Yan ƙaura daga Sham da Labanan suka gina shi a 1934, a tsakiyar matsin tattalin arziki, kuma ana kiransa uwar masallatan Amurka. Na tsaya ina tunanin mutanen nan. Su ba su koma ba. Sun zauna, sun yi talla gida-gida, sun buɗe shaguna, sun gina wurin da ni baƙuwa na zo na yi salla bayan shekara tamanin da wani abu. Saboda haka kada wani ya ce na zo ne in ce kowa ya koma. Iyayenmu da ke zaune a zauren nan, waɗanda suka tarbe mu a filin jirgi suka ba mu bargo da tukunya, da sun koma da wa zai tarbe mu? Abin da nake ƙi shi ne a bar takardar biza ta yanke wa gida hukunci, miji yana cewa bari mu ga shekara mai zuwa, mata tana haɗiye magana har ta zama ciwo.

Da muka fito Malam ya karɓi makulli. Bai tayar da motar ba. Ya ce, "Uwargida, zan rubuta wa malamina in ba shi haƙuri. Amma da sharaɗi. In na cika shekarun alkawari, aka ga abin ba ya tafiya, za mu sake zama, kuma ranar ke ma za ki saurare ni." Na ce na yarda. Muka sake ƙetare Misisipi, muka shiga Shikago da magariba a kwana na 18. Yarinya ta maƙale a bayan Hajiya ta ƙi zuwa wurina sai da aka jima. Hajiya ta ce, "To, kun ga ƙasar? Ina tsarabata?" Na miƙa mata igiyar barkonon Santa Fe da gishiri a leda. Ta juya su ta ce, "Wannan kuka je nema har bangon duniya? Ai da kun tambaye ni."

Sauran kwanakin sayar da kaya ne da ɗaure littattafai. Yanzu shekara uku ke nan. Ina aiki, ina kuma da ɗan shagon magani a unguwa. Malam yana koyarwa, yana da gonar gwaji da manoma ke zuwa kallo. Akwai gwajin da a can yake gamawa kafin azahar, a nan sai ya aika samfur wani gari ya jira wata biyu, kuma ranar da sakamakon ya makara nakan gane tun daga yadda ya ajiye jaka. Karatun ƙannensa ya sa mun sayar da filin da muka so ginawa. Zaman da ya ce za mu sake, saura shekara biyu.

Motar kuwa wani sabon ɗalibi a ƙungiyar nan muka sayar wa, na ji ta canza hannu sau biyu tun daga lokacin. In tana wurin ɗayanku, a duba aljihun gaba. Taswirar tana ciki, na sa alamar jan biro a duk garin da muka samu naman halal da masallaci.